A'ishatu Falatiya: 'Yar Maniyyata da Ta Zama Muryar Sudan

 A wannan fitowa ta bikin zagayowar shekarar ƙungiyarmu, dattawa sun bar mana wannan shafi domin mu tuna da wani daga cikin magabata. Abin da aka saba shi ne a kawo tarihin malami, ko basarake, ko wani babban attajiri. Bana kuwa mun ɗauko mace, kuma mawaƙiya. Mun san ba za a rasa wanda zai ce ina ruwan fatake da zabiya ba. Muna roƙon a yi mana haƙuri a bi mu har ƙarshe, sannan a yanke mana hukunci.

Duk wanda ya saba hawa lori daga nan zuwa Sinja, ko Damazin, ko Gadarif, da wuya a ce bai taɓa cin karo da waƙarta ba, ko da muryarta ko a bakin wata mawaƙiyar da ta maimaita. Matanmu suna rera ta a gidan biki, yaranmu suna bin amshin, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa mai waƙar 'yar gida ce. Sunanta A'ishatu Musa Ahmad, Sudan duka kuma ta san ta da A'isha al-Falatiya. Ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon ƙasar nan, kuma iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka taso.

Hanyar gabas

Ba a fahimtar rayuwar A'ishatu sai an fara fahimtar hanyar da ta kawo iyayenta, domin ita ce hanyar da ta kawo kakannin mafi yawanmu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen ƙasar Hausa da Barno suke ɗaura niyya su fuskanci gabas a ƙafa, ko a kan jaki da raƙumi. Su ratsa Barno, su ƙetare Wadai ta Abeshe, su shigo Darfur ta Jinaina da Fashir, su bi ta Nuhud da Ubayyid har su iske kogin Nilu. Abin da ke gabansu kullum shi ne gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a Sawakin a haye zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru. Guzuri ya ƙare a tsaya a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi ɗinki, a yi wanzanci, a yi koyarwa, a sayar da abin da aka samu, sannan a ƙara gaba. A hanya ake aure, a hanya ake haihuwa, a hanya ake binne wasu.

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, kuma aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a wannan shekara, sai tafiyar ta ƙara yawa, ta zama hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Nil Azrak, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, garin da dukkanmu muka sani. Wasu suka wuce gaba, wasu suka yi hajji suka dawo, suka ga ƙarfin komawa yamma ya ƙare ko kuma ƙasar ta karɓe su, suka kafa bukka suka zauna.

Iyayen A'ishatu suna cikin irin waɗannan mutane. Mahaifinta, Malam Musa Ahmad, Bafulatani ne kuma malamin Alƙur'ani, irin wanda ake kira faki a nan. Mahaifiyarta Bahaushiya ce. Niyyar hajji ce ta biyo da su ta Sudan, daga bisani suka mai da ita gida. Ko sunan ƙanwar A'ishatu, wato Jiddawiyya, yana tuna wa mai ji birnin da ke tsallaken teku, wanda kowane maniyyaci ke kwana yana tashi da shi a zuciya.

Kasala

A Kasala aka haife ta, a 1905 bisa ga abin da masu tarihinta suka rubuta, kuma ita ce babba a cikin 'ya'ya bakwai. Waɗanda suke kai kaya gabas a cikinmu sun san garin: duwatsun Taka masu santsi da suka tsaya a kansa kamar an jera tulu, masallacin Hatmiyya a gindinsu, lambunan lemo da ayaba, da kogin Gash wanda ke saukowa daga tsaunukan Eritriya. Gash ba ya gudu sai da damina, kuma ba ya kaiwa teku. Ruwansa yana bazuwa ne a fadamun arewacin garin, ƙasa ta shanye shi, a yi noma a kai. Maniyyata da yawa haka suka yi a wannan yanki, suka bazu a cikinsa suka raya shi.

Kasala mahaɗa ce. Daga nan ake bin hanyar Sawakin, daga nan ake ɓullewa Masawa ta ƙasar Eritriya, nan kuma ake juyawa kudu zuwa Gadarif. Hadandawa da Bani Amir da Halanga, da Larabawan bakin kogi, da Habashawa, da mutanenmu, duk a kasuwa ɗaya suke ciniki. A shekarun da aka haifi A'ishatu ne Turawa suka fara gina Bur Sudan, aka buɗe tashar a 1909, Sawakin ta fara komawa baya a harkar kaya, ko da yake alhazai sun daɗe suna bi ta cikinta. Ke nan ta buɗe ido ne a ƙasar da komai nata ke fuskantar teku: hatsi da ƙaro da fatu suna gangarawa can, alhazai suna gangarawa can, labari da baƙin kaya suna hawowa daga can.

Daga allo zuwa daluka

Iyalin sun koma Umdurman tana yarinya, inda mahaifinta ya buɗe makarantar allo, wato halwa. A gabansa ta yi karatu, ta haddace abin da ta haddace na Alƙur'ani. Masu nazarin waƙarta suna danganta tsabtar lafazinta da iya riƙe numfashinta da wannan tarbiyya ta tilawa. Duk wanda ya zauna gaban malami yana biya allo ya san yadda ake tilasta wa harshe ya ba kowane harafi haƙƙinsa. Yarinyar da ta fito daga gidan baƙi sai ga shi Larabci ya zauna a bakinta daram, babu wanda zai kama ta da gyara.

Umdurman ta wancan lokaci gari ne mai tashen waƙa. Maza irin su Sarur da Karoma da Halil Farah suna rera waƙoƙin da daga baya aka laƙaba wa suna haƙiba, ana sauraronsu a gidajen biki, ana kuma buga su a faifai. Mata kuwa nasu fagen yana cikin gida: daluka, wato gangar yumɓu da ake rufe wa baki da fatar akuya, da tafi, da rawar amarya. A nan A'ishatu ta fara. Tana 'yar shekara 14 ta shiga yin waƙa a bukukuwan aure, kafin a jima sunanta ya zagaya unguwanni.

Sai mu tuna matsayin mawaƙiya a idon jama'a a lokacin. A ƙasar Hausa zabiya ake ce mata, a nan kuma ganaya, amma kallon ɗaya ne: ana neman ta ranar biki, a yi mata kari, gari ya waye kuma ba mai son a ce 'yarsa ce ko matar ɗansa. To, balle 'yar malami. Malam Musa bai yarda ba, kuma ba za mu zarge shi ba, domin uba ne da ke kare mutuncin gidansa a ƙasar da shi baƙo ne, inda laifin mutum ɗaya ake shafa wa dangi duka. Ya yi abin da iyaye suka saba yi, ya aurar da ita da fatan aure zai raba ta da waƙa. Auren bai wuce shekara biyu ba ya mutu, ba a samu haihuwa ba, ta koma ga dalukarta. Daga baya ta sake aure, kuma a gidan na biyu ne Allah ya ba ta 'ya'ya.

Ta daɗe a wannan mataki, tana bin gidajen biki, ana jin daɗin muryarta ana kuma yi da ita. A shekarun 1930 wani sabon kiɗa mai sauri da ake kira tumtum ya bazu a tsakanin matan birane. Waƙoƙinsa gajeru ne, da harshen yau da kullum, kan soyayya da kewa da tafiyar masoyi. Manyan mawallafa suna raina shi, suna ganin kiɗan talakawa ne da 'ya'yan bayi. A'ishatu na cikin waɗanda suka ɗauke shi daga tsakar gida suka fito da shi fili.

Faifan Alƙahira da sunan da ta ɗauka

A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, ya nemi ta je Alƙahira a ɗauki muryarta. A lokacin babu inda ake buga faifai a Sudan, duk mawaƙin da ke son a ji shi nesa sai ya yi wannan tafiya: jirgin ƙasa daga Hartum zuwa Wadi Halfa, jirgin ruwa a kan Nilu zuwa kusa da Aswan, sannan wani jirgin ƙasan zuwa Alƙahira. Mu da muke ƙetare iyaka da mota a yau, mu auna abin da hakan yake nufi ga mace a wancan zamani.

Ta je, aka buga waƙoƙinta a faifan garmaho, irin baƙin faifan nan mai nauyi da kowace fuska ba ta wuce kamar minti uku. 'Yan kasuwa ne suka dawo da faya-fayan Sudan, masu gidajen gahawa suka saya, domin garmaho shi ne abin jan ciniki a lokacin. Mutumin da ba zai taɓa shiga wurin bikin mata ba sai ga shi zaune a kan benci, kofin shayi a hannu, yana sauraron muryar 'yar Malam Musa. Ta haka muryar ta isa garuruwan da ƙafarta ba ta taka ba.

A kan waɗannan faya-fayai ne aka rubuta sunan da ya bi ta har kabari: al-Falatiya. Wannan kalma muna da dogon zama da ita. Asalinta sunan da Barebari suke kiran Fulani da shi ne, amma a Sudan aka mai da ita bargo aka lulluɓe kowa da kowa, Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da Bazabarme, duk wanda kakansa ya fito daga yamma. Wani lokaci kuma a ce Takari. Sau da yawa ba don yabo ake faɗar ta ba. Akwai mutanenmu da suka ɓoye asalinsu, suka daina Hausa a gaban jama'a, suka nemi wata ƙabila suka jingina da ita don a bar su su sha iska. A'ishatu da wannan suna ta yi kasuwa. Da shi aka sayi faifanta, da shi mai sanarwa ya gabatar da ita a rediyo, da shi ta shiga littattafan tarihin ƙasar. Duk wanda yake son waƙarta dole bakinsa ya furta kalmar da girmamawa, ko yana so ko ba ya so.

Yaƙi da gidan rediyo

Yaƙin duniya na biyu bai tsaya a Turai ba, har garin haihuwarta ya iso. A watan Yuli na 1940 sojojin Italiya suka taso daga Eritriya suka kama Kasala, suka riƙe ta har watan Janairu na 1941. Daga nan sojojin Ingila da Indiya da rundunar tsaron Sudan suka bi su cikin duwatsu, aka yi ƙazamin faɗa a Karan a watannin Fabrairu da Maris na 1941. Wasu 'ya'yan Sudan kuma aka kai su hamadar Libiya. Babu unguwar da ba ta da ɗa a bakin daga.

A'ishatu na cikin mawaƙan da suka riƙa zuwa sansanonin soja suna yi wa dakarun Sudan waƙa, a fagen gabashin Afirka da na arewacinta. Daga wannan zamani ne waƙarta ta roƙon Allah ya dawo da sojoji gida lafiya ta fito, wadda har yau ake tuna ta da ita. Abin da ya ba waƙar ƙarfi shi ne daga bakin masu jira aka yi ta, wato uwa da mata da budurwa da suke tsaye a ƙofar gida suna duban hanya. Matan fatake sun san wannan jira, ba sai an fassara musu ba.

Saboda yaƙin ne Turawa suka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, a wani ɗan ɗaki na gidan waya, ana watsa labarai na ɗan lokaci kaɗan a kullum. Da suka ga labari kaɗai ba ya tara jama'a sai suka shigo da waƙa. Maza ne kawai suke zuwa, kuma kai tsaye ake yi, babu damar gyara kuskure. A 1942 A'ishatu ta shiga wannan ɗaki ta tsaya gaban makirufo, ƙanwarta Jiddawiyya tana kaɗa mata udu. Abu biyu ne sababbi a rana ɗaya: muryar mace a iska, da kuma mace riƙe da kayan kiɗan da ake ganin na maza ne.

Masu sauraro sun yi na'am, amma ƙura ta tashi. Masu ra'ayin riƙau suka yi tir, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon, suna ganin ƙasƙanci ne su tsaya inda ganaya ta tsaya. Ƙiyayyar fuska biyu gare ta: ana ƙin ta don mace ce, ana ƙin ta don Bafalatiya ce. Abin ya yi mata nauyi har ta taɓa tunanin tattara nata ya nata ta koma Nijeriya, ƙasar da labarinta kawai ta tashi tana ji a bakin iyaye. Ba ta tafi ba. Ta ci gaba da zuwa, jama'a suka ci gaba da neman waƙoƙinta, masu ƙauracewa suka gaji suka dawo. A ƙarshe har waƙar haɗin gwiwa ta yi da mawaƙa maza a wannan gidan rediyo. Mahaƙurci mawadaci.

Riɗin Gadarif

A cikin waƙoƙinta akwai wadda ta fi kusa da aljihunmu, wato Simsim al-Gadarif. Waƙar soyayya ce, amma da ta tashi kiran abin ƙaunarta ba ta kira shi zinariya ko lu'ulu'u ba, riɗin Gadarif ta kira shi. Wanda bai san harkar ba zai ga abin wasa ne. Mu da muke auna shi muna ɗinke buhu mun san yabo ne babba. Farin riɗin Gadarif shi ne ake misali da shi a kasuwannin duniya wajen haske da ƙamshi da yawan mai.

Mun kuma san wahalar da ke bayansa. Baƙar ƙasar laka ta Gadarif, irin tamu ta nan, tana ba da dawa da riɗi idan damina ta yi kyau. Tun tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a yankin, amma girbin riɗi bai daina neman hannu ba. Kwanaki kaɗan ne tsakanin nunarsa da fashewar kwansonsa. In aka yi jinkiri ya zube ƙasa, aikin shekara ya tafi. Sai a fito da lauje a yanka, a ɗaure dami, a jingina su tsaye su bushe, sannan a kakkaɓe. Hannuwan da suka yi wannan aiki shekara da shekaru, da yawansu na mutanenmu ne, kamar yadda hannuwansu suka tsinci audugar Jazira tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925. Daga gona riɗi ya tafi kasuwar amfanin gona, daga can lori ya ɗauke shi ta Kasala da Haiya zuwa Bur Sudan, ya hau teku. Hanyar da kakanninmu suka bi da ƙafa suna neman jirgin Jidda, ita ce buhunanmu suke bi yau.

Wannan shi ne irin aikin A'ishatu. Yawancin baitocinta mawallafa maza ne suka tsara mata, amma ita ta san abin da zai zauna a bakin talaka. Ta ɗauki abin da ke cikin gona da kasuwa da tashar jirgi, abin da mutanen gabas suke gani kullum har sun daina lura da shi, ta sa masa murya ya zama abin alfahari. Kiɗan Sudan kuma a kan sautuka biyar yake tafiya, kamar yawancin kiɗan ƙasar Hausa da na Habasha, shi ya sa kunnen mutumin Kano ko na Gondar ba ya jin sa baƙo. Waɗanda suke shiga Matama ta Gallabat a cikinmu sun ga yadda ake son waƙar Sudan a tsallaken iyaka.

Takardar jinsiyya

Shekarun ɗaukakarta su ne shekarun da Sudan take neman kanta. An kafa taron 'yan boko masu neman 'yanci a 1938, ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara suka yi yajin aiki a 1947, ƙungiyar matan Sudan ta kafu a 1952, aka ɗaga tutar 'yanci ranar 1 ga Janairu 1956. A'ishatu ba ta tsaya a waƙar soyayya kaɗai ba. An san ta da goyon bayan 'yancin ƙasa, da haƙƙin ma'aikata, da haƙƙin mata, kuma wasu waƙoƙinta sun taɓo waɗannan batutuwa.

A daidai wannan lokaci ne kuma ake rubuta dokar da za ta faɗi wane ne ɗan Sudan. Dokar 1948, da ta 1957 da ta biyo bayanta, sun ɗora ma'auni a kan ranar 31 ga Disamba 1897: sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun daga lokacin. A duba lissafin. Jama'ar da suka taso bayan Burmi a 1903 suka taso. Ke nan dubban mutanen da aka haifa a nan, suka haƙa magudanan ruwa, suka tsinci auduga, suka yi soja, suka binne iyayensu a wannan ƙasa, doka ta bar su a bakin ƙofa. Daga baya an matso da ranar gaba, amma tabon bai goge ba. Dattawanmu sun san abin da ake sha kafin a sami takardar jinsiyya, da yawan shaidun da ake nema, da irin tambayar da ake yi wa mutum da zarar an ji sunan kakansa. Mu ma da muke tsayawa a shingayen hanya mun san yadda fuska take canzawa wani lokaci idan aka ji harshenmu.

To, a cikin waɗannan shekaru, idan aka kunna rediyo a Atbara ko Dungula ko Wad Madani, muryar da take gaya wa 'yan Sudan yadda soyayyarsu da kewarsu da begen ƙasarsu suke, muryar 'yar mutanen Sakkwato ce. Ba ta rubuta takardar koke ba, ba ta hau mumbari ta yi jayayya a kan asali ba. Aikinta ta yi, ta kuma yi shi da kyau har ya zama ba a iya ba da tarihin waƙar ƙasar nan a tsallake ta.

Ƙarshen tafiya

Ta ci gaba da waƙa har cikin shekarun 1960. Abin da aka ɗauka na muryarta ya haura waƙa 150, mafi yawansu a gidan rediyon Umdurman. Ta riƙa zuwa Masar a kai a kai, inda take da masoya, amma a Umdurman ta yi zamanta. Ta rayu ta ga ƙofar da ta tura ta buɗe sosai. Mawaƙa mata irin su Muna al-Hair suka biyo baya, a 1965 Fatima Ahmad Ibrahim ta zama mace ta farko da ta shiga majalisar dokokin ƙasa, a 1971 kuma 'yan uwan juna uku da ake kira Balabil suka fito suna waƙa a rediyo da talabijin, iyalai suna zaune suna kallo ba tare da kowa ya ce an yi abin kunya ba. Allah ya karɓi ran A'ishatu a Umdurman ranar 24 ga Fabrairu 1974.

Abin da ya rage mana

Ba mu kawo wannan tarihi don mu ce kowa ya saki 'yarsa ta zama mawaƙiya ba. Kowane gida da tsarinsa, malamanmu kuma suna nan, su ne masu faɗin abin da ya halatta. Mun kawo shi ne saboda tambayar da aka yi wa A'ishatu ba a daina yi mana ita ba. Abin da ya faru a yankin Damazin da Rusairis da Wad al-Mahi a 2022, da rayukan da aka rasa ta kowane ɓangare, ya nuna mana cewa maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, tana nan da ranta. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba.

Idan irin wannan rana ta zo, mutum yakan ji kamar ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya ɓoye asalinsa, ko ya tattara ya bar ƙasar. Dukkan hanyoyin biyu sun buɗe wa A'ishatu, ba ta bi ko ɗaya ba. Ta zauna, da sunanta, ta yi aikin da ya amfani kowa, Balarabe da Bahadande da Banube da Bahaushe. Ɗan kasuwa ma haka yake kafa kansa a garin da ba a san kakansa ba: mudunsa cikakke, alkawarinsa tsayayye, kayansa ba algus, kuma ba ya sauya suna don ya sami shiga.

Saboda haka muna roƙon iyaye mata, ranar da aka sa waƙar riɗin Gadarif a gidan biki, a jawo yara a gaya musu ko wace ce mai ita, da inda iyayenta suka fito, da garin da aka haife ta. Muna roƙon direbobinmu da suke bin hanyar Bur Sudan, idan duwatsun Taka suka bayyana daga nesa, su tuna da ita da maniyyatan da suka taka wannan ƙasa kafin a shimfiɗa kwalta, su yi musu addu'a.

Allah ya jiƙan A'ishatu Musa Ahmad, ya gafarta mata kurakuranta, ya jiƙan mahaifanta da namu magabatan baki ɗaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya buɗe hanyoyi, ya sa albarka a cikin nemanmu. Amin.